Gidimuni: Abin da Mai Ƙaurace wa Alkama da Madara Zai Ci

Garin Gidimuni yana cikin gundumar Damagaram Takaya, kimanin kilomita 70 gabas da birnin Damagaram, a bakin babbar hanyar da ta nufi Gure da Difa. Allah ya albarkaci garin da tabki, wanda a shekarar 2019 aka sanya shi cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya. A gewayen tabkin da cikin kwaruruka akwai garake na dabino da rake da rogo da kayan miya, a kan tudu kuwa gero da dawa da wake. Wannan arziki yana da amfani na musamman ga wani rukuni na jama'a da ba a cika kula da su ba, wato waɗanda cikinsu ba ya karɓar alkama ko madara.

Cuta uku, ba ɗaya ba

Ya kamata a rarrabe al'amarin tun da fari. Na farko, a cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari mai danƙo da ake kira gulutan, shi ne ke sa kwaɓin burodi ya miƙe. Ga wasu mutane, kimanin mutum 1 cikin 100 a duniya, sinadarin nan yana lalata bangon ƙaramin hanji, abinci ya riƙa wucewa ba tare da jiki ya amfana ba. Alamominsa su ne zawo mai daɗewa, kumburin ciki, ƙarancin jini, da rashin girma ga yaro. Wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, ya lura cewa a lokacin yunwar 1944 zuwa 1945, da burodi ya yi wuya, yaran da ke da wannan cuta sun sami sauƙi, da burodi ya dawo kuma ciwon ya dawo musu. Ya rubuta sakamakon bincikensa a 1950. An daɗe ana zaton cutar ta Turawa ce kaɗai, sai a 1999 wasu likitoci suka gwada yaran Sahara ta Yamma da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, inda garin alkama ya zama babban abinci, suka tarar kusan 6 cikin 100 suna ɗauke da ita. Maganinta ɗaya ne: barin alkama da sha'ir da duk abin da ke da gulutan har iyakar rayuwa.

Na biyu, rashin narkar da sukarin da ke cikin madara. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya haka suke, ko da yake Fulani da Buzaye, waɗanda suka gaji kiwo, da yawansu ba su da wannan matsala. Mai irin wannan ciki yakan ji ƙugi da iska da zawo bayan ya sha madara. Sau da yawa yana iya shan nono mai tsami kaɗan, domin tsamin ya rage sukarin. Na uku kuwa shi ne borin jini ga madara, wanda ya fi kama ƙananan yara, yana kawo ƙuraje da amai, wani lokaci har da toshewar numfashi. Mai wannan dole ya bar madara da nono da cuku da man shanu gaba ɗaya.

Saboda haka bai kamata mutum ya yanke wa kansa hukunci ba. Zawo da rama suna iya fitowa daga tsutsar ciki ko ruwa marar tsabta. Sai a fara zuwa gidan likita. Kuma wanda ake zargin alkama ce ke damunsa, kada ya daina cinta kafin a yi masa awon jini, domin in ya daina awon ba zai nuna gaskiya ba.

Abin da za a bari

Abin takaici ga mutumin Damagaram shi ne alkaki, wanda birnin ya yi suna da shi a bukukuwan aure da gara, da alkama ake yin sa. Haka funkaso, fanke, taliya, gurasa, cincin, burodi, biskit, makaroni da kuskus na fakiti. A ɓangaren madara kuwa akwai ta gari da ta gwangwani da ake zubawa a shayi, da kindirmo da yawut.

Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana da babban makami a hannunsa, domin yana iya duba rubutun da ke jikin fakiti. Kalmomin Faransanci da zai nema su ne blé, farine de blé, orge, seigle, gluten, lait da beurre. Wasu dunƙulen ɗanɗanon miya da wasu alawoyi suna ɗauke da su. In an yi shakka, daddawar kalwa ko ta batso ta wadatar.

Daga safe zuwa dare

Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, dankali, wake, gyaɗa, gurjiya, aya da riɗi, babu gulutan a cikin ko ɗaya. Ke nan tuwon da aka saba ci bai canja ba.

Da safe ana iya shan koko ko kunun tsamiya da ƙosai. Kunun kanwa ma yana nan, ga kunun gyaɗa da shinkafa wanda farinsa da kaurinsa suke maye gurbin madara. Fura kuwa ba lalle sai da nono ba: ana dama ta da ruwan tsamiya, ko da garin ƴaƴan kuka wanda ke ba ta tsami da kauri, a zuba ɗan sukari ko zuma.

Da rana akwai shinkafa da wake da man gyaɗa da yaji, ko dambun gero ko na masara da zogale, ko faten wake da dankali. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir abinci ne mai gina jiki kuma mai araha. Dafaffen rogo da ƙuli da barkono yana riƙe cikin manomi har la'asar. Da dare sai tuwon gero ko na dawa da miyar kuka, ko ta kuɓewa, ko ta yakuwa, a sa kifi in an samu. A maimakon man shanu sai a zuba man gyaɗa ko na riɗi.

Abin taɓawa tsakanin abinci ya fi yawa: dabino, rake, goruba, soyayyar gyaɗa, dafaffiyar gurjiya, kantun riɗi, dakuwa, gasasshiyar masara, dafaffen ƙwai, kilishi da tsire. Kunun aya da aka niƙa da dabino abin sha ne mai daɗi ga baƙo, sai dai ba ya jure zafi, ya kamata a shanye shi a ranar da aka yi shi. Ɗan lakwal da aka sa wa dabino biyar da dunƙulen ƙuli a aljihu ba zai yi kwaɗayin biskit ba.

Inda haɗari yake ɓoye

Akwai abincin da asalinsa babu alkama, amma yanzu masu sayarwa suna haɗa shi da garin fulawa don ya yi auki ko danƙo. Ɗanwake ne kan gaba: na gargajiya da garin wake da na rogo ko dawa da kuka da kanwa ake yinsa, na kasuwa kuwa sau da yawa rabinsa fulawa ne. Waina ma wasu suna yi mata haka. Sai a tambayi mai sayarwa, ko a yi a gida.

Ga mai cutar hanji, ɗan kaɗan ma yana ɓarna. Man da aka soya fanke a ciki bai dace a soya masa ƙosai da shi ba. Injin niƙa da ya gama niƙa alkama yana barin saura a cikin geron da ya biyo baya. Rariya da ƙwarya da muciya su ma a ware masa nasa, ko a wanke su sosai.

Ƙashi da jarirai

Madara tana ba jiki sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙori. Wanda ya bar ta sai ya nemi madadin a ganyen kuka, zogale, riɗi, wake, da ƙananan kifi da ake ci har da ƙayarsu. Wannan ya fi wajaba ga mace mai ciki, mai shayarwa, da yaro mai tasowa.

Gargaɗi mafi nauyi ya shafi jarirai. Nonon uwa ba ya cikin abin da ake bari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla wata 6, a ci gaba da ba shi tare da abinci har shekara 2. Kunun aya ko na gyaɗa, kome farinsa, ba ya tsaya wa jariri a matsayin nono, kuma yaron da aka yaye a kansa yana iya faɗawa cikin tamowa. Uwar da ta ga alamar borin jini ga ɗanta sai ta kai shi ga ma'aikatan kiwon lafiya.

Amfanin ƙasa

Yawancin alkamar da ake ci a Nijar daga waje ake shigo da ita, kuma a 2022, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, farashinta ya hau a kasuwannin duniya. Nijar kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi noman gero a duniya, hatsin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa shekarar 2023. Ya rage ga malaman yaƙi da jahilci, da ungozomomi, da ma'aikatan gona, su bayyana wa iyalai cewa wanda likita ya hana wa alkama da madara ba a yanke masa abinci ba. Abin da yake bukata yana cikin rumbu da garake, kuma kuɗin da ya kashe a kansa yana komawa hannun manomin garinsu.