Yadda Ake Ɗaura Tagogin Ƙananan Jiragen Sama

Wanda ya leƙa cikin ƙaramin jirgin sama irin su Cessna 172 zai ɗauka tagoginsa na gilashi ne. Ba haka ba ne. Wata irin roba ce mai garau da ake kira akirilik, wadda aka fara sayarwa a Jamus a 1933 da sunan Plexiglas, a Ingila kuma aka raɗa mata Perspex. Nauyinta bai kai rabin na gilashi ba, kuma ana iya gasa ta a lanƙwasa yadda ake so. Don haka ne aka yi rufin mazaunin direba na jiragen yaƙi na Spitfire da ita a Yaƙin Duniya na Biyu.

To, amma akirilik tana da hali nata. Idan zafi ya ƙaru, takan buɗe kusan ninki uku na yadda alminiyam ɗin jikin jirgi yake buɗewa. Taga mai tsawon mita 1 takan ƙaru da kimanin milimita 3 in zafi ya hau da digiri 40. Jirgi kuwa yakan tashi daga fili mai ƙuna ya shiga sanyin sama cikin 'yan mintoci. Idan aka matse taga ba ta da wurin motsi, sai ta tsage daga bakin rami.

Saboda haka makaniki yakan huda ramin ya fi kusar faɗi da kimanin milimita 3, ya sa roba tsakanin taga da ƙarfe. Bakin abin hudar ma sai an dakushe shi, domin ya riƙa kankara a hankali. Mai kaifi irin na ƙarfe yakan cafki robar ya fasa ta. Aikin ya fi kyau a ɗaki mai ɗumi, gama sanyi yana sa ta gautsi. Wajen ɗauri, ƙa'idar hukumar jiragen sama ta Amurka ita ce a ɗaure noti har ya zauna, sa'an nan a sassauta shi zagaye guda.

Sakaci a nan ba ya nunawa nan take. Bayan watanni sai ƙananan tsagu kamar saƙar gizo-gizo su bayyana, su raunana tagar. Direban da ke sauka yana fuskantar rana sai hasken ya watsu a cikinsu, ya kasa ganin filin sauka sosai. Sinadarai masu ƙarfi irin su asiton ma suna jawo wannan lahani, shi ya sa ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙarfi da tsumma mai laushi kaɗai ake wanke ta da su.