Tsiron da ke Farauta a Fadamar Haɗeja

Idan ruwan damina ya kwanta a fadamun da suka miƙa daga Haɗeja zuwa Nguru, akan ga wasu 'yan furanni rawaya sun leƙo tsakanin bado da kainuwa. Masunci kan ture su ya wuce abinsa. A ƙarƙashinsu kuwa akwai tsiro mai cin ƙwari, wanda masana ke kira Utricularia, dangi mai iri fiye da 200 a duniya.

Ba shi da saiwa ko ɗaya, yawo yake a ruwa. Ganyensa siri-siri ne, ɗauke da ɗaruruwan 'yan jakunkuna, kowace ba ta fi ƙwayar gero ba. Tsiron kan zuƙe ruwan cikin jaka ya fitar, sai ta lotsa, ƙofarta a rufe gam. Da zarar ƙwaron ruwa ko ƙaramar tsutsar sauro ta taɓa gashin bakin ƙofar, sai ƙofar ta buɗe, ruwa ya fizge ta ciki, ƙofar ta sake rufewa, duk cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Daga nan ya narkar da ita. Charles Darwin ma ya yi nazarinsa a littafin da ya fitar a 1875.

Yunwa ce ta koya masa farauta. Yana rayuwa ne a ruwan da ba shi da wadatar sinadaran gina tsiro, don haka yake cike giɓin da nama. Shi ya sa taki ke zame masa guba: idan takin zamani ya kwararo daga gonakin shinkafa, gansakuka ta rufe shi ta kashe. Mai son rainonsa a baho, ruwan sama zai ba shi da hasken rana, kada ya kuskura ya sa taki.

Babbar barazanar dai daga saman kogi take zuwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara ta sauya hali, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye sararin da wannan tsiro ke buƙata, kamar yadda ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi.

A 2008 aka sa dausayin Baturiya da ke wannan yanki cikin jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya, kuma tsuntsayensa sun samu masu ƙidaya su. Ina ganin ya kamata ɗaliban Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa su shiga kwalekwale, su rubuta tsirran da ke ƙarƙashin ruwan tun kachala ba ta gama da su ba.