Taron dare na farko: yadda baƙo zai zaɓi inda zai je

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau da baƙo nake magana: ɗalibin da ya samu gurbi a kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ko 'yar bautar ƙasa da aka turo Maradun, ko yaron da ya zo Bakura koyon sana'a wurin kawunsa. Kafin ka yi sati biyu, wani zai ce maka, "Yau akwai wasa, zo mu je." Ba ka san gari ba, kuma ba ka son a ce maka bagidaje. To wanne za ka je, wanne za ka bari?

Ku gane, taron dare ba iri ɗaya ba ne. Akwai na fili: dinar biki, kamu a cikin gida tsakanin mata, filin dambe bayan kaka, gidan kallon ƙwallo. Waɗannan kowa ya san mai su, ya san inda ake yi. Akwai kuma na ɓoye, wanda ake gayyata ta WhatsApp, a ce ba za a faɗa maka gidan ba sai daf da lokaci, kuma kada ka gaya wa kowa. Ni shawarata ga baƙo, ya fara da na fili. Ma'aunina ɗaya ne: taron kirki shi ne wanda idan ka ce a'a za a ƙyale ka, idan ka ce za ka tafi ƙofa a buɗe take.

Don haka tambayar farko ga wanda ya gayyace ka ita ce, taron wa ne? Idan ya ce bikin gidan wane ne a unguwa kaza, to akwai wanda za a riƙe idan abu ya ɓaci. Idan ya fara kame-kame, "kai dai ka zo," wallahi amsar ke nan ya ba ka. Kada kuma ka manta inda kake. A Oktoban 1999 Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Zamfara, ta fara aiki a farkon 2000, kuma har yau Hisba na nan. Idan aka kai samame gidan da ake shaye-shaye, ba a tambayar wa ya sha, wa ya zo kallo. Kowa ake kwasa, baƙo kuwa shi ne ba shi da mai zuwa belinsa da wuri.

Na biyu, mene ne ƙa'idar wurin? Wasu na ɗauka cewa inda aka fi sakewa nan ne ba doka. Ba haka ba ne. A birnin Balin na Jamus akwai gidajen rawa na manya da ake manna sitika a kyamarar wayarka tun daga ƙofa, kuma wanda ya taɓa wani ba da yardarsa ba, waje za a yi da shi. Ba cewa nake mu kwaikwayi rayuwarsu ba, addininmu da al'adarmu daban. Abin lura shi ne, ko su sun san taro ba ya yiwuwa sai da iyaka. Mu nan fa? DJ ya kira sunan yarinya a lasifika, ƙawaye su turo ta fili tana cewa ba ta so, wani ya ɗauka a waya, kafin asuba tana yawo a TikTok. Ƙanwata, ki tambaya tun a gida: ana ɗaukar bidiyo? Maza da mata a haɗe ne ko a rabe? Idan aka yi miki dariya don kin tambaya, kin ga irin mutanen da za ki tarar.

Haka abin sha. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun 2018, amma bai ɓace ba, shi da tiramol, kuma a cikin lemo ake zuba su. Ka karɓi kwalbar da aka buɗe a gabanka. Wadda ka ajiye ka tashi, ka bar ta.

Na uku, kuma a yankinmu shi ne babba: ta yaya za ka koma? Kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki da dare. A Agustan 2021 da dare 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura suka kwashi ɗalibai. A Satumban shekarar aka katse layukan waya a faɗin jihar, mutane suka ga yadda rayuwa take idan ba ka iya kiran kowa. Saboda haka taron farko ya zama cikin gari, inda za ka iya takowa da ƙafa zuwa masaukinka. Kada a ɗauke ka daga Mafara zuwa wani ƙauye a bakin dam ɗin Bakolori bayan isha'i, wai da safe a dawo da kai. Wanda ya kai ka a mashin ɗinsa, shi ke da ikon lokacin tafiyarka. Ka riƙe kuɗin ɗan acaba a aljihu, wayarka da caji, ka gaya wa mutum ɗaya inda za ka da ƙarfe nawa za ka dawo. Ku je ku biyu, ku fito ku biyu.

In ka isa, kada ka yi gaggawar shiga tsakiya. Ka tsaya gefe minti 15 ka kalli yadda ake yi wa wanda ya ƙi rawa ko ya ƙi karɓar abin da aka miƙa masa. Yadda aka yi masa haka za a yi maka. Idan hankalinka bai kwanta ba, ka tafi, ba sai ka yi wa kowa bayani ba. Wani bikin na nan tafe.

Ku tura wa ƙannenku da suka shiga makaranta bana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya tsare mu, Ya ba Zamfara zaman lafiya.