Tagwayen Waya: Zaɓen Ma'aunin Zafin Wuta a Masana'anta

Gabatarwa

Hausawa sun kasa maƙera gida biyu: maƙeran baƙi masu sarrafa baƙin ƙarfe, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla da sanholo. Dukkansu da ido suke auna wuta. Idan ƙarfe ya yi ja sun san inda zafi ya kai, idan ya doshi fari sun san ya kusa narkewa. To amma sanholo, wato alminiyon, yana narkewa ne ba tare da ya yi wani jan kirki ba, saboda haka ido kan yaudari mai shi. A wannan ɗan rubutu zan yi bayanin wata na'ura da masana'antu ke auna zafi da ita, wadda injiniyoyi ke kira tamokoful. Ni kuwa na zaɓi in kira ta tagwayen waya. Zan ɗauko misalaina daga unguwar Coal Camp ta birnin Inugu.

Me Ya Sa Coal Camp?

An gano kwal a tsaunukan Udi a 1909, kuma a 1916 jirgin ƙasa ya fara jigilarsa zuwa Fatakwal. Coal Camp masaukin leburorin kwal ce tun asali. Haƙar ta ja baya, unguwar ta koma matattarar masu kayan gyaran mota da maƙera da masu walda. 'Yan'uwanmu 'yan gwangwan na cikin masu tattaro tsofaffin ƙarafan da ake narkawa a garuruwan kudu irin su Inugu da Anaca. Ke nan abincin wasu namu yana rataye da wutar maƙeran nan.

Yadda Take Aiki

A 1821 wani Bajamushe mai suna Seebeck ya gano cewa idan aka haɗa bakin wayoyi biyu na ƙarafa daban-daban, aka gasa mahaɗar, 'yar wutar lantarki takan samu a tsakaninsu. Gwargwadon zafi, gwargwadon ƙarfin lantarkin. Sai a jona ɗaya ƙarshen da agogo mai juya lantarkin zuwa digiri na ma'aunin Salsiyos. Kowane irin haɗi an ba shi harafi a matsayin suna, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Tambaya ta Farko: Ina Zafin Ya Kai?

Samfurin T, wanda ɗaya wayarsa jan ƙarfe ce, yana aiki daga kimanin digiri 200 ƙasa da sifiri zuwa 350. Ya dace da ɗakin sanyi na masu kifi da nama. Samfurin J mai wayar baƙin ƙarfe yana kaiwa kimanin 750. Samfurin K, wanda wayoyinsa biyu gaurayen nikel ne, yana kaiwa kimanin 1,250, kuma shi ya fi yawa a kasuwa saboda araharsa. Samfurin N ɗan'uwan K ne, sai dai ya fi shi daɗewa bai fara kuskure ba. Samfuran S da R da B kuwa na filatinam ne. S da R suna kaiwa wajen 1,500, B yana kaiwa 1,700, amma tsadarsu sai manyan kamfanoni.

Yanzu mu gwada. Sanholo yana narkewa a digiri 660, ana kuma zuba shi a tsakanin 700 da 750. J yana bakin iyakarsa a nan, don haka K ya fi dacewa da mai zubin tukwane. Jan ƙarfe yana narkewa a 1,085, K zai iya amma ba zai yi tsawon rai ba. Mai zubin baƙin ƙarfe da ke kai wutarsa 1,400, da kamfanin siminti da ke gasa dutse a 1,450, dole su nemi na filatinam. A ganina, kada a sayi wanda iyakarsa ta yi daidai da zafin aikin yau da kullum. A bar masa rata.

Tambaya ta Biyu: Me Zai Taɓa Ta?

Zafi ba shi kaɗai ke kashe waya ba. Wayar baƙin ƙarfe ta J tana tsatsa a wuri mai laima, kuma daminar Inugu doguwa ce. Hayaƙi mai farar wuta, irin na kwal da baƙin mai, yana cin nikel ɗin K. Narkakken sanholo kuwa yana cinye kuben ƙarfe da aka saka wayar a ciki, shi ya sa ake yi mata kube na tangaran mai jure wuta. Abin tsoron shi ne, waya mai lalacewa ba ta mutuwa farat ɗaya. Tana ci gaba da ba da lamba, amma lambar ƙarya.

Tambaya ta Uku: Sun Dace da Agogon?

Nan ne aka fi yin asara. J ya fi K ba da lantarki a kan kowane digiri. Idan aka jona K da agogon da aka saita a kan J, zafi na 700 agogon ba zai nuna ko 550 ba. Mai zubi zai yi ta ƙara wuta, kafin agogo ya nuna 700 sanholon ya haura 900. Sanholon da ya sha wuta haka yana haɗiye iska, idan ya huce sai tukunya ta fito da ƙananan ƙofofi tana yoyo. An ƙona mai, an ɓata ƙarfe, mai saye kuma ba zai dawo ba.

Launin rigar waya ma yana ruɗarwa, musamman a kasuwar kayan kwance inda ake haɗa na ƙasashe da yawa. A tsarin Amurka K rawaya ce, a tsarin da Turai ke bi kore ce, a tsohon tsarin Japan kuwa shuɗiya ce, rawaya kuma J ce. Maganaɗisu yana taimakawa: yana kama wayar baƙin ƙarfe ta J da ƙarfi, amma ɗaya daga wayoyin K kaɗan yake ja. Haka kuma tilas wayar da za a ƙara wa tsawo ta zama ta samfurin, ba wayar lantarkin gida ba.

Kammalawa

Babu samfurin da ya fi kowane. Akwai dai wanda ya dace da aikin da ke gaban mutum. Ƙalubalen da ke kanmu ɗaliban harshe shi ne, yawancin bayanan nan a rubuce suke da Turanci, masu riƙe da awartaki kuwa da Hausa ko Ibo suke aiki. Na kawo “tagwayen waya” da “kube” a matsayin shawara. Ina fatan 'yan'uwa za su auna su, su gyara, mu kai su maƙera mu ji ko za su karɓu.