Labari ko talla? Abin da ke faruwa idan gidan talabijin ya sa shirinsa a kanun labarai

Duk mai bin labaran talabijin ya saba da wani salon rahoto. Mai karanta labarai zai buɗe da cewa wani bincike ya bankaɗo badaƙala, a nuna tsakuren hira na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ya rufe da sanar da masu kallo cewa cikakken shirin na nan tafe da daddare a wannan tasha. Sai a lokacin mai kallo yake gane cewa binciken na gidan ne, kuma abin da ya ɗauka labari ne zalla, rabinsa gayyata ce.

Al'adar ta daɗe a manyan gidaje. BBC na yi wa shirinta na Panorama, wanda aka fara a 1953, haka nan CBS ta Amurka na yi wa 60 Minutes, wanda ya soma a 1968. A Najeriya ma, kalaman da ɗan siyasa ya furta a shirin Politics Today na Channels ko The Morning Show na Arise sukan dawo a matsayin labari. Abin tambaya shi ne: yaushe irin wannan rahoto yake zama aikin jarida, yaushe kuma yake komawa tallan haja?

Me ya sa gidajen ke yin haka?

Dalili na farko kuɗi ne. Shirin binciken ƙwaƙwaf yana cin watanni, da tafiye-tafiye, da lauyoyin da za su bi shi kalma bayan kalma kafin a sake shi. Gidan da ya kashe wannan dukiya ba zai so shirin ya wuce babu wanda ya gani ba, kuma mafi girman taron da yake da shi a hannu su ne masu kallon labaran yamma.

A tashoshin kasuwanci, yawan masu kallo shi ke yanke farashin talla. BBC ba ta saka tallan kamfanoni a tashoshinta na cikin Birtaniya, domin kuɗin lasisin da jama'a ke biya ne ke riƙe da ita, amma ita ma tana da buƙatar nuna wa masu biyan cewa kuɗinsu na aiki. Kowane gida da nasa dalilin buga wa kansa ganga.

Dalili na biyu sauƙi ne. Hotunan na gidan ne, wakilin da ya yi aikin na gidan ne, lauyoyi sun riga sun tantance, kuma babu wata tasha da ke da labarin. A wajen editan da ke neman abin buɗe labarai, wannan abinci ne dafaffe.

Lokacin da shirin ya cancanci kanu

Kuskure ne a ɗauka cewa duk rahoton da ya samo asali daga shirin gida yaudara ce. A ƙarshen watan Afrilun 2018, sashen BBC Africa Eye ya saki bincikensa kan yadda maganin tari mai ɗauke da sinadarin kodin ke sulalewa daga kamfanoni zuwa kasuwar bayan fage, tare da nuna halin da matasan da suka kamu da shansa ke ciki, har da na Kano. Ranar 1 ga Mayu, gwamnatin tarayya ta sanar da hana haɗa maganin da shigo da shi.

A watan Oktoban 2019 kuma sashen ya fitar da binciken da Kiki Mordi ta gabatar kan malaman da ke neman lalata da ɗalibai a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana. An dakatar da wasu malamai, kuma Majalisar Dattawan Najeriya ta sake ɗauko ƙudurin hukunta masu cin zarafin ɗalibai. Irin waɗannan bincike labari ne ko wane gida ya yi su, shi ya sa jaridu da tashoshin da ke gogayya da BBC suka ɗauke su.

Duk da haka, ko a nan akwai abin lura. Ma'aikatar lafiya ta ce haramcin kodin ya biyo bayan aikin wani kwamiti da ya yi watanni yana nazarin matsalar. Mai yiwuwa shirin ya gaggauta matakin, amma gidan da ke ba da labarin tasirin aikinsa shaida ne a shari'ar kansa, kuma Hausawa sun daɗe da cewa yabon kai jahilci.

Inda ake samun matsala

Matsala ta farko ita ce gurbi. Labaran yamma na manyan tashoshin Amurka rabin awa ne, kuma idan aka cire tallace-tallace abin da ya rage bai fi minti 20 da 'yan kai ba. Duk minti uku da aka ba tsakuren shirin gida, an ƙwace su ne daga wani labari da mai kallo ba zai taɓa sanin an jingine shi ba. Jerin labarai kuwa hukunci ne: abin da aka sa a gaba, an ce wa jama'a shi ne mafi muhimmanci a ranar. Idan jadawalin tasha ne ya yanke wannan hukunci, an sauya ma'aunin ba tare da an sanar da kowa ba.

Ta biyu ita ce riƙe rabin bayani. Aikin labari ya faɗi abin da aka gano, shi kuwa talla aikinsa ya bar mutum da ƙishirwa. Rahoton da ya faɗi zargi amma ya ajiye hujja, ko martanin wanda ake zargi, sai an kalli shirin dare, ya cuci mai kallo, ya kuma cuci wanda aka ambaci sunansa, domin da yawa daga waɗanda suka ji zargin ba za su zauna jiran amsar ba.

Ta uku ita ce zaɓen tsakure, kuma a nan ne CBS ta shiga tsaka mai wuya. Ranar 6 ga Oktoban 2024, shirin Face the Nation ya nuna ɗanɗanon hirar da Bill Whitaker na 60 Minutes ya yi da Kamala Harris, wadda a lokacin take takarar shugabancin Amurka. An tambaye ta game da Firaministan Isra'ila Benjamin Netanyahu. Washegari da aka watsa hirar a 60 Minutes, sai masu kallo suka ji tambayar nan dai, amma da wani ɓangare dabam na amsarta. CBS ta bayyana cewa ɓangarorin biyu daga amsa ɗaya aka ciro su, kuma taƙaita hira aiki ne na kullum.

Donald Trump ya ce an gyara hirar ne domin a taimaki abokiyar hamayyarsa, ya kuma shigar da ƙara a jihar Texas yana neman diyyar dala biliyan 10, daga baya ya ɗaga ta zuwa biliyan 20. Masana shari'a da dama sun ce ƙarar ba ta da ƙwari. Amma a watan Yulin 2025 kamfanin Paramount, mamallakin CBS, ya amince ya biya dala miliyan 16 ba tare da neman afuwa ba, a daidai lokacin da yake jiran amincewar hukumar sadarwa ta Amurka kan haɗewarsa da kamfanin Skydance. Tsakuren da aka yanka domin jan hankalin masu kallo ya zama makami a hannun ɗan siyasa.

Matsala ta huɗu ta fi sauran nauyi: gidan da ya ɗaga shirinsa sama yakan kasa ba da labarin laifin shirin. A watan Nuwamban 1995, kimanin mutum miliyan 23 a Birtaniya suka kalli hirar da Martin Bashir ya yi da Gimbiya Diana a Panorama. Bayan fiye da shekara 25, a watan Mayun 2021, binciken tsohon alƙali Lord Dyson ya tabbatar da cewa Bashir ya nuna wa ɗan'uwan Diana takardun banki na jabu domin ya samu kusantarta. Dyson ya kuma gano cewa binciken cikin gida da BBC ta yi a 1996 bai taka kara ya karya ba, kuma babu wani shirin labarai na gidan da ya ambaci batun a lokacin. Hirar ta samu kanu, dabarar da aka bi aka same ta kuwa ta samu shiru.

Yadda mai kallo zai tantance

Akwai tambayoyi huɗu da suke raba labari da talla, kuma ba sa buƙatar karatun jarida.

Ta farko, da wata tasha ce ta yi wannan binciken, shin wannan gida zai sa shi a kanu? Hanya mafi sauƙi ta gano amsa ita ce a duba ko sauran gidajen sun ɗauki labarin washegari. Idan gidan da ya yi shi kaɗai ke ta maimaita shi, to akwai alamar tambaya.

Ta biyu, an faɗa tun a jimlar farko cewa binciken na gidan ne, ko sai a ƙarshe aka bayyana? Bayyana alaƙa tun da wuri shi ke ba mai kallo damar auna abin da zai ji.

Ta uku, rahoton ya tsaya da ƙafarsa? Wanda bai kalli shirin dare ba ya kamata ya tashi da sanin abin da aka gano, da hujjar da aka dogara da ita, da abin da wanda ake zargi ya ce.

Ta huɗu, mene ne sabo? Akwai bambanci tsakanin bincike da ya fito da takardar da ake ɓoyewa, da baƙon da ya faɗi ra'ayinsa da zafi a ɗakin watsa shiri. Na biyun shi ya fi yawa a lokacin zaɓe, inda ɗan siyasa ke samun fili, tasha ke samun kanu, mai kallo kuma ya tashi da hayaniya kawai.

Waɗannan tambayoyi sun ƙara muhimmanci yanzu da yawancin matasa ba a gaban akwatin talabijin suke haɗuwa da labarai ba. Tsakuren daƙiƙa 40 ne ke iso musu a WhatsApp, Facebook, X ko TikTok, sau da yawa babu tambayar da aka yi, babu abin da ya biyo baya. Abin da edita ya yanka domin ya jawo mutane zuwa shirin, shi ke zama shirin gaba ɗaya a wajen mafi yawan waɗanda suka gani, kuma a kansa ake gina muhawara, zagi, har da shawarar wanda za a zaɓa.

Gidan jarida na da 'yancin alfahari da aikinsa, kuma binciken da ya ci watanni ya cancanci a gan shi. Sai dai amanar da ke tsakanin ɗakin labarai da jama'a ita ce, abin da aka kira labari an auna shi da sikelin da ake auna na kowa. Gidan da ya saba sassauta wa kansa wannan sikeli, ranar da ya zo da binciken gaske zai tarar masu kallo sun riga sun koyi sauraronsa kamar mai talla a bakin kasuwa.