Kiwon Murjani A Tankin Gilashi

Jama'a, murjani ba dutse ba ne, dabba ne mai rai, irin wanda ke Bahar Maliya wajen Bur Sudan. Mai son kiwonsa tare da kifin teku sai ya yi haƙuri.

Gishirin miya ba ya yi. Akwai na musamman, giram 35 cikin kowace lita. Zafin ruwa ya tsaya wajen digiri 25. Ka zuba rairayi da duwatsu, ka jira mako 4 zuwa 6, har ƙwayoyin da ke cinye gubar kashin kifi su yawaita. In ka yi gaggawa, kifi ya mutu, kuɗinka ya salwanta.

In ruwa ya ragu, ƙara ruwan daɗi kaɗai, gama gishiri ba ya bin tururi.