Gwaiduwar ƙwai: daga akurki zuwa ɗakin bincike

A Lolo, garin bakin kogin Kwara da ke kan iyakar Najeriya da Benin, zazzaɓin cizon sauro ba baƙo ba ne da damina. Ma'aikacin lafiya ya huda yatsa, ya ɗiga jini a ɗan allon gwaji, cikin minti 15 zuwa 20 layi ya fito. Abin da ke cafke alamar cutar a allon nan sinadarin garkuwa ne, kuma wasu ƙwayoyin halitta da ake kiwo a kwalba ne ke ƙera shi. Georges Köhler da César Milstein suka gano dabarar a Ingila a 1975.

Kiwon ƙwayoyin nan sai da abinci. An daɗe ana ciyar da su da ruwan jinin ɗan tayin saniya, ga tsada, ga shi na yau ba ya zama daidai da na gobe. Shi ya sa masana suka waiwayi gwaiduwa, guzurin da ke raya ɗan tsako kwana 21 a cikin ɓawo. Kusan rabinta ruwa ne, wajen kashi ɗaya cikin uku kitse, sauran galibi furotin. A shekarun 1980 masu bincike a Japan suka ware kitsen da ke haɗe da furotin, suka zuba wa ƙwayoyin a abincin da ba ruwan jini, suka ga yaɗuwarsu ta ƙaru. Dalili kuwa, ba ƙwayar da za ta rabu biyu ba tare da kitsen gina sabuwar fata ba. Sai dai yawan ƙwayoyi daban, yawan garkuwar da suke fitarwa daban, don haka kowanne sai an auna shi.

Gwaiduwa ma da tata garkuwar. Tun 1893 Felix Klemperer ya nuna cewa kazar da aka yi wa rigakafi tana zuba kariya a ƙwanta. Nan masu kaji a Lolo da kewaye za su buɗe kunne: kariyar da ɗan tsako ya gada tana dushewa cikin mako biyu zuwa uku. A yi wa uwa rigakafin cutar Niyukasul, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke haɗawa, kafin hunturu, sannan a bi 'yan tsaki da nasu bisa shawarar malamin dabbobi.